Guɗa a Drancy

Hajiya Hassia ba ta zo Paris don tana son yarinyar ba. Ta zo ta gan ta da idonta, ta ga irin gidan da ta fito, sannan ta yanke ko za ta sa albarka ko za ta koma Maraɗi da albarkarta a ƙulle. Ɗanta Rachidou, injiniya ne a Lyon, ya rantse ba zai yi auren nan ba sai da yardarta. Ta kuwa san yaron, in ya rantse zai cika ko da zai rame ya zama tsinke. Ya daɗe yana lallashi ta waya kafin ta ce to, tunda dama tana zuwa sarin shaddar bazan da turare, a haɗa ta da mutanen wannan Noemi ɗin.

"Kakarta ta ce ki zo ki gaida danginsu," in ji shi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Maganar ta yi wa Hajiya daɗi, ko da yake ba ta nuna ba. Ashe a cikin Turawa ma akwai waɗanda suka san ana gaida dangi. Ta sauka a gidan ƙanwarta Balkisa a Goutte d'Or, suka shiga shiri kamar masu aurar da 'yar fari. Aka kira mai lalle ta zana mata hannu da ƙafa. Aka zaga kasuwar Château Rouge aka zaɓo goro fari manya, aka haɗa da kilishin da ta taho da shi daga gida, da turamen atamfa na gwaggonni da innoni. Da ta tambayi Rachidou ko dangin suna da yawa, don kada a bai wa wasu a hana wasu, sai ya amsa mata a gajarce ta waya.

"Suna da yawa, Maman," ya ce, ya kawo wani zance.

Ranar Lahadi da safe ya iso daga tashar jirgi, cikin baƙar kwat, fuska kamar wanda ya kwana da ciwon haƙori. Ya tarar da uwarsa ta sha bazan ruwan goro mai aikin zinari har cibiya, ga ɗauri ya tashi sama, ga sarƙar Makka, ga awarwaro hannu biyu suna kaɗa wa juna. Ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Maman, ba ki da wani... mai ɗan duhu haka?"

"Mai duhu? Gidan mutuwa za mu?"

Ya yi wata busasshiyar dariya, ya sunkuya ya ɗauki jakar tsaraba. A nan ne ya kamata ya yi magana. An tambaye shi da Hausa, baki da baki, kuma ya ji. Amma akwai irin waɗannan 'yan boko, sai su gina gada a kan kogi, su kasa gaya wa uwarsu magana ɗaya.

Taksi ya fita da su bayan gari, wata unguwa da ake kira Drancy. Ya ajiye su a bakin wani dogon gini mai ruwan toka, wanda ya lanƙwasa ya rungume fili ta ɓangare uku. Ga wanki an shanya a tagogi, ga wata baƙar mace tana tura keken jariri, ga yara biyu suna buga ƙwallo a can ƙarshe. Hajiya ta ce a ranta, ashe ba masu hali ba ne. Bai dame ta ba, ita ma ba cikin zinari aka haife ta ba.

A bakin filin akwai wani tsohon taragon jirgin ƙasa na katako a tsaye shi kaɗai, ga mutane cunkus kusa da shi, tsofaffi da matasa, duk sun yi shiru. Da suka ji ƙarar awarwaro sai suka waiwayo. Zuciyar Hajiya ta cika. Dubi yadda dangi suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, cikin wannan sanyi, suna jiran ta! Daga cikinsu wata siririyar yarinya ta fito, tana riƙe da hannun wata tsohuwa ƙarama mai farin gashi da sanda. Yarinyar, Noemi ke nan, ta saki hannun, ta matso, ta durƙusa har gwiwarta ta kusa taɓa ƙasa.

"Sannu da zuwa, Inna," ta ce, da Hausarta mai rawa. "Kin zo lahiya?"

Shi ke nan, duk ɗaurin fuskar da Hajiya ta taho da shi tun daga Maraɗi ya kwance. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗaga kai, ta kama hanci da yatsu biyu, ta rangaɗa guɗa. Ba ƙaramar guɗa ba, irin wadda aka san ta da ita a unguwarsu, wadda in ta saki ta mata ke barin tukunya a wuta su fito. Guɗar ta bugi bangon nan na dama, ta dawo ta na hagu, ta tayar da tattabaru. Yaran suka tsayar da ƙwallonsu.

Ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya yi murmushi. Wata mace ta dafe baki. Wani saurayi ya ɗaga waya yana ɗaukar ta. Wani mai gemu, da kati rataye a wuya da alama shi ke jagorar mutanen, ya tako da sauri fuska a murtuke.

"Madame, s'il vous plaît. Un peu de respect."

Faransancin Hajiya na kasuwa ne, nawa ne, rage mini, ya yi tsada. Amma ta san respe. Ita, Hassia, yau ake koya wa girmama mutane? Rachidou ya damƙi hannunta har awarwaro ya shige mata fata.

"Maman, arrête. Don Allah ki yi shiru."

"Mi ya hwaru? Wa na zaga?"

"Zan gaya miki daga baya."

Mai gemun ya koma gaban taragon ya ci gaba da bayani, mutane suka juya mata baya. Noemi ta tashi, idonta ya yi ja, tana kallon Rachidou da wani irin kallo, ta koma wajen kakarta. Ita tsohuwar ba ta juya ba. Ta tsaya dogare da sanda tana duban Hajiya, ba fushi ba fara'a. Hajiya ta ji zufa na bin bayanta duk da sanyin. Ta kasa kunne, tana tsintar abin da za ta iya tsinta. Ta ji anfan, yara ke nan. Ta ji jandarma. Ta ji mor, ta sake jin mor, mutuwa ke nan, kuma wannan ta san shi tun rasuwar mijinta, a bakin likita ta ji shi.

"Mi yake cewa?"

"Tarihin ginin yake bayarwa."

"Mutum ya yi magana har miyaunsa ya ƙahe, kai ka ce tarihin gini? Rachidou, ko ka hwaɗa mini abin da yake cewa yadda yake cewa, ko in bi Turawan nan ɗaya bayan ɗaya in tambaye su da baki na. Ka san zan iya."

Ya san za ta iya. Ya sunkuyar da kai, ya fara faɗa da murya ƙasa-ƙasa. A lokacin yaƙin duniya, da Jamusawa suka mamaye Faransa, a wannan ginin ake tara Yahudawa, maza da mata da tsofaffi da yara, har da na goye. Jandarmomin Faransa ne suka fara tsaron su. Daga nan ake loda su a tarago irin wannan, a kulle, a tafi da su gabas mai nisa, inda ake kashe su da iskar guba a ƙone gawarwakin. Dubbai a kan dubbai. Kaɗan ne ƙwarai suka dawo. Waɗannan mutanen kuma ba dangin Noemi ba ne, wata ƙungiya ce daga Lyon ta shirya musu ziyarar yini ɗaya, da yamma za su koma.

Hajiya ta taka har bakin taragon, mutane na matsa mata kamar mai ɗauke da cuta, ta leƙa. Ɗaki ne na katako da bai fi shagonta ba, da 'yar taga can sama. Ko ragunan layya da ake lodawa zuwa Legas ana bar musu inda za su sha iska fiye da haka. Ta tuna ranar da jikarta ta kulle kanta a banɗaki, yadda ta riƙa ihu, yadda suka kusa fasa ƙofar da taɓarya. Ta juya ta dubi tagogin nan masu wanki, ta rasa wanda za ta fara jin haushinsa, waɗanda suka yi abin, ko waɗanda suka riƙe musu makulli, ko wanda ya share ɗakunan daga baya ya ce talakawa su shiga su kwanta. Amma duk waɗannan sun yi mata nisa. Wanda ke kusa shi ne wanda ta haifa.

Ta ja shi gefe, bayan wani babban dutse da aka sassaƙa.

"Yahudawa ne su Noemi?"

"I, Maman."

"Shi ya sa ka ɓoye."

"Na ji tsoro in na faɗa ba za ki zo ba. Na ce bari ki fara ganin ta tukuna. Après, komai zai zo da sauƙi."

"Da na yi surutu, i mana. Da na yi maka na kwana biyu, in kira Malam in tambaya, in yi maka na ukku. Sannan in zo. Amma da na zo da mayahi mai duhu da bakina a ruhe! Kai wane irin yaro ne? Ni da ba a mutuwa a unguwarmu ban kwana gidan ba? Ni da ke wanke gawar mata tun kana rarrahe? Abu guda da na iya a duniya hiye da kasuwa shi ne gaisuwar mutuwa, shi ka hana ni, ka kawo ni nan kamar amaryar ƙauye in yi guɗa a kan kushewar mutane!"

"Ba kushewa ba ce, Maman, ba a binne kowa a nan..."

"Ruhe mini baki! Ka ɗauka uwarka jaka ce, ba ta gane mutuwa sai ta Bahaushe? Ko ka ɗauka zuciyata dutse ce?"

Ya yi tsaye, babban mutum da furfura ɗaya-ɗaya a gemu, yana murza igiyar jakar tsaraba. Ganin jakar ya ƙara tunzura ta. Goro, kilishi, atamfa turmi-turmi.

"To ina dangin? Dangin da aka ce in zo in gaida, suna ina?"

A nan ne muryarsa ta karye. Ya ce sunan tsohuwar Madam Odette. Tana ƙaramar yarinya a Lyon aka zo aka kwashe uwarta da ƙaninta da kakanninta da 'yan'uwan uwarta duka. Ita tana gidan maƙwabciya a ranar, maƙwabciyar ta ce ɗiyarta ce, ta tsira. Nan aka kawo su, daga nan ba wanda ya sake jin labarinsu. Ubanta tun kafin nan an kama shi. Tunda take ba ta taɓa yarda ta tako wurin nan ba. Da shi Rachidou ya gaya mata cewa a al'adarsu sai uwar miji ta je ta gaida dangin yarinya, sai ta ce to, danginta suna Drancy, a gaya wa Hajiya ta zo can, ita ma za ta daure ta je.

"A gaya mini," in ji Hajiya. "Ta ce a gaya mini."

"Haka ta ce."

Hajiya ta fara cire awarwaro. Sun matse, don ta ƙara jiki tun da aka saye su, ta riƙa fizgar su har bayan hannunta ya kwaile. Ta cire sarƙa da 'yan kunne, ta ƙulle a gefen zane. Ta warware ɗaurin nan mai tsawo ta yafa shi a kai kawai. Ta tuɓe takalmi ta bar su nan.

"Cire kwat ɗin ga."

Ya cire ya ba ta, ta rufe aikin zinarin ƙirjinta da ita. Lallen ne ba yadda za ta yi da shi.

Jagoran ya riga ya tara mutanensa, yana duba agogo yana nuna wani gini a tsallaken titi inda za su shiga kallon hotuna. Madam Odette ba ta bi su ba. Ƙafafunta sun gaji, Noemi ta buɗe mata 'yar kujerar ninkewa kusa da taragon. Hajiya ta taho ba takalmi a kan ƙasa mai sanyi kamar ƙanƙara, ta zo gaban kujerar, ta zauna dirshan ta tanƙwashe ƙafa, don ba a gaisuwar mutuwa a tsaye. Jagoran ya waiwayo ya ce madam, a ci gaba, lokaci na tafiya. Ko kallo bai ishe ta ba.

"Kai Rachidou, zo nan ka yi tahinta. Ka rage kalma guda, Allah na ganin ka."

Rachidou ya durƙusa a gefe daga shi sai 'yar riga, yana rawar sanyi.

"Ce mata ban sani ba. Ce mata ɗana bai gaya mini ba, da na sani da harshena ya guntule kahin in yi abin da na yi. Ta yahe mini."

Ya faɗa. Noemi ta rufe ido. Tsohuwar ta gyaɗa kai kaɗan.

Hajiya ta buɗe tafin hannu a kan gwiwa. Ta shiga laluben abin da ya halatta ta faɗa, sai ta ga ai gaisuwa ta mai rai ce, kuma ga mai ran a gabanta.

"Ina hankurin uwarki? Ina hankurin ƙanenki? Ina hankurin kakanninki, da innoninki, da ubanki? Ashe haka abu ya hwaru. Sannu. Sannu. Allah shi ba ki hankuri."

Rachidou ya juya shi da Faransanci, yana tuntuɓe, don harshen ba shi da wurin ajiye irin wannan magana. Madam Odette ta saurara har ya gama. Sannan ta yi tambaya, ya ce tana son ta san me ake amsawa.

"Sai ta ce hankuri da godiya."

Da tsohuwar ta ji, sai ta buga sandarta a ƙasa. Ta yi magana mai tsawo, murya na rawa, ido a bushe ƙamas. Rachidou ya dubi Noemi, ya dubi ƙasa.

"Hwaɗi!" in ji Hajiya.

"Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce ita ba ta yi haƙuri ba, kuma ba ta da godiya. Ta ce shekara tamanin ana gaya mata ta yafe, ta manta, ta yi magana mai daɗi a gaban 'yan makaranta. Ƙaninta ko takalmi bai iya ɗaurewa ba aka sa shi a cikin wannan. Ta ce fushi take yi, da shi take kwana da shi take tashi, kuma da shi za ta mutu."

Hajiya ta ɗago ta dubi matar sosai. Tunda take zuwa gaisuwa ba a taɓa ba ta wannan amsa ba, kuma ba ta taɓa jin wadda ta fi ta gaskiya ba.

"Ce mata ta yi daidai. Kada ta amsa. Ce mata ni ma yau hushi nike, nawa ƙarami ne, amma zan zamna da shi nan kusa da nata."

Wani abu ya motsa a gefen bakin Madam Odette. Ta miƙo hannu, busasshe mai sanyi, Hajiya ta kama da nata biyu. Suka zauna haka. Mutanen Lyon suka tsallaka titi suka shige. Yaran suka koma ƙwallonsu. Wata mata ta leƙo ta taga ta kwashe wankinta. Noemi ta zauna a ƙasa ita ma, ta jingina da ƙafar kakarta tana kuka ba sauti.

Sai da aka jima ƙwarai Rachidou ya matso, ya yi ƙasa da murya.

"Maman... maganarmu fa? Me zan ce musu?"

Hajiya ta juyo ta dube shi kamar yau ta fara ganin sa. Ko yanzu ma, a nan ma, ta kansa yake yi.

"Ce musu gobe zan bi su Lyon. Ba a gaisuwa irin wagga a tashi rana guda, zan zamna mata kwanakin da ake zamnawa, in dafa, in yi shara, ko ba ta so. Ce musu kuma na zo in duba ko yarinyar ta dace da gidana, na duba. Wagga tsohuwa ba ta san ni ba, ta kawo ni gaban uwarta ba ta ɓoye mini komi ba. Ɗiyar gidan ga, da hannu biyu na karɓa."

Fuskarsa ta washe, ya buɗe baki zai fara.

"Ban gama ba. Ce musu abin da ban sani ba shi ne ko zan iya ba su kai. Mutanen ga an cuce su ya isa. Ba zan ɗauki namijin da ke ɓoye magana in ya ji tsoro, in sa a hannun jikarta in ce mata ga miji ba. Su duba ka da kyau, kamar yadda na zo duba tasu. In sun ce a'a, ni ba zan roƙe su ba."

"Maman, don Allah. Wannan ba sai na..."

"Duka. Yadda na hwaɗa."

Noemi ta share fuska ta ɗago tana jira. Madam Odette ma ta juyo da kunnenta mai ji. Rachidou ya dubi matan nan uku, ya fara daga farko.